Lantarkin Sola a Gidajen Adana Kayan Tarihi

Lantarkin sola wuta ce da ake samarwa daga hasken rana ta hanyar faifan da ake girkawa a kan rufi ko a fili. Gidajen adana kayan tarihi suna cikin wuraren da suka fi cin moriyarta, domin wutar da suke sha ba ta haskaka ɗakuna kaɗai ba ce. Kaso mai yawa yana tafiya ne wajen na'urorin daidaita zafi da danshi, waɗanda ba sa hutawa dare da rana.

Tsofaffin kaya ba sa jure sauyin yanayi. Takarda da fata da katako suna shan danshi su kumbura, iska ta bushe su motse. Idan abin ya yi ta maimaituwa, sai fenti ya fara ɓarewa, shafin littafi ya kanannaɗe, katako ya tsage. Danshi kuwa idan ya daɗe sama da kashi 70 cikin ɗari, fumfuna ce ke biyo baya. Shi ya sa masu kula da kayan ke ƙoƙarin tsayar da shi tsakanin kashi 40 zuwa 60. A inda wuta ke yawan ɗaukewa, faifan sola da batir suna iya riƙe na'urorin har gari ya waye, kuma a nan amfaninsu ya fi fitowa fili.

Wahalar tana ga ginin kansa. Sau da yawa shi ma kayan tarihi ne: rufinsa ba lallai ya ɗauki nauyi ba, wayar da ba a haɗa da kyau ba tana iya jawo gobara, ga dokokin da suka hana sauya masa kamanni. Fadar Batikan ta girka faifai kusan 2,400 a rufin zauren Fafaroma Paul na shida a 2008. Majami'ar Gloucester ta Ingila ta bi sahu a 2016, ta ɗora nata inda mai tafiya a ƙasa ba zai hango ba.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce ta Pompeii a Italiya, birnin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. A can an rufa wasu gidaje da faifan da aka ƙera da siffa da launin tayil ɗin jan yumɓu irin na Romawan da. Baƙo zai ɗaga kai ya ga rufi kamar kowane, alhali daga nan ake samun wutar da ke haskaka zanen da ke jikin bango.