Kai yara yawo a Legas: ina za a je, kuma yaya za a yi da teku?

Duk hutun makaranta, da bayan kowace sallah, iyalai daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi sukan sauka wurin 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ko Mile 12. Abin da ke damuna shi ne yadda yara kan yi sati biyu a Legas su koma gida ba su ga komai ba sai tsakar gidan da aka sauka da goslon hanya. Yaron da ya taso a Funtuwa ko Birnin Ƙonni, an kawo shi garin da ke bakin Tekun Atlantika, bai kamata ya koma bai ji ƙarar teku da kunnensa ba. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi.

Idan rana ɗaya tak gare mu, ina za mu kai su?

Lekki Conservation Centre, a kan hanyar Lekki zuwa Epe. Gandun daji ne mai faɗin hekta 78 da ƙungiyar kare muhalli ta Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990, lokacin da Lekki duk fadama ce da kurmi. Yanzu gine-gine sun zagaye shi, shi kaɗai ya rage yana nuna yadda ƙasar take tun asali. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, ana tafiya cikin inuwa, birai suna tsalle a kan rassa, akwai ɗawisu da kunkuru, wanda ya yi sa'a ya hangi kada. Yaron da ya saba da ƙaya da saura da sararin da ido ke kaiwa ƙarshensa, wannan duhun kurmi da ruwa kwance a gindin itatuwa sabuwar duniya ce a wurinsa.

Abin da ya fi fito da sunan wurin shi ne gadar nan mai lilo da aka rataya a saman itatuwa, mai tsawon mita 401, wadda aka buɗe a 2015, ake kuma kiran ta mafi tsawo irinta a Afirka. A faɗa wa ƙanana tun daga gida cewa akwai iyakar shekaru, ba a barin ƙananan yara su hau, don kada a je ana kuka a gindin tsani. Su akwai filin iyali a can ciki, da rumfuna, da tafkunan kifi, da manyan allunan dara da lido da aka zana a ƙasa. A ɓoye abinci a jaka a rufe. Biran wurin sun san leda, kuma sukan fizge daga hannun yaro.

To bakin teku fa? Wanne ya dace da yara?

Wanda ya san Legas shekaru talatin da suka wuce zai ce Bar Beach. Babu shi yanzu. Teku ya yi ta cin gaɓar har ya kai ga titi, daga baya aka cike wurin da yashi aka gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Landmark Beach ma, wanda iyalai suka koma wa, an rushe babban ɓangarensa a watan Afrilun 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Saboda haka kada a ɗauki yara a kama hanya bisa labarin da aka ji shekarun baya. A tambayi wanda ya je kwanan nan.

Zaɓina ga mai ƙananan yara shi ne Tarkwa Bay. Dalilin yana cikin yadda wurin ya samu. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jera manyan duwatsu suka yi katangu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanyar. Katangun nan suka tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa Bar Beach ya rasa mai ciyar da shi ya zaizaye. Su ne kuma suka yi wa Tarkwa Bay garkuwa, igiyar ruwa tana isowa da sauƙi idan aka kwatanta da sauran gaɓar. Ba a zuwa sai ta ruwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Marina ko Falomo, kuma daga kan yashin yara za su ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa kusa da su za su Apapa. Na ga yaran da suka manta da wasan ruwan gaba ɗaya suka tsaya ƙirga kwantena.

Elegushi da Eleko da sauran na ɓangaren Lekki suna fuskantar teku kai tsaye. Ana iya zuwa a zauna a rumfa, a gina gidan yashi, a tsinci kwanson ruwa, a hau doki. A yi ciniki da mai doki kafin a ɗora yaro, a kuma tabbatar yana riƙe da linzami. Amma ruwan waɗannan wurare na kallo ne.

Ɗana ya iya iyo, a kogi ya taso. Me zai hana shi shiga?

A nan nake so iyaye su tsaya su saurara da kyau, domin gwanayen iyo teku ya fi ci. Wanda bai iya ba, tsoro yana tsare shi a bakin gaɓa.

Kogi gefe ɗaya yake gudu, yaro yana ganin inda ya nufa. Dam ruwansa a kwance yake. Teku kuwa turowa yake yana janyewa. Duk igiyar da ta fashe a kan yashi, ruwan nan sai ya koma, kuma a gaɓar Legas yashin yana da gangare, saboda haka komawar da ƙarfi take. Yaro yana tsaye ruwa iya gwiwa, sai ya ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, igiya ta biyu ta kayar da shi, mai komawa ta ja shi. Wani lokaci kuma ruwan da ya taru yakan sami wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku kamar kwata. Abin da ke yaudarar mutane shi ne daidai wannan kafar ce ta fi kama da wuri mai lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya fi kwanciya. Wanda ruwan ya ja, idan ya ce zai yi iyo ya dawo ta inda ya fito, gajiya za ta kashe shi kafin ruwa. Abin yi shi ne ya bar jikinsa a saman ruwa, ya ɗaga hannu, ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga kafar, sannan ya juyo.

Wannan ilimi ne na babba. Ga yaro, doka uku ta isa: ruwa kada ya wuce idon sawu sai hannunsa yana cikin hannun babba, kada ya ba teku baya, kada ya hau duwatsun katanga don ɗaukar hoto. A kuma ware mutum ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya, ba hira. Idan manya biyar suka zauna kowa yana zaton wani na kallo, to babu mai kallo. Mata masu dogon hijabi da zane su ma su kula, tufa idan ta jiƙe nauyi take yi, ruwa ya sami abin kamawa.

Shiga jirgin ruwa da yara ba kasada ba ne?

Tsoron yana da tushe, mu da muke jin labarin kifewar kwale-kwale a Neja da Kebbi da Sakkwato kusan duk damina. Galibin waɗannan haɗurra abu uku ke kawo su: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar ceto. A Legas hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta sa rigar ga duk fasinja, kuma akwai jiragen gwamnati na LAGFERRY. A hau daga tashar da aka sani. A nemi rigar daidai jikin yaro, a ɗaure ta tam, domin rigar babba a jikin ɗan shekara biyar fita take ta kai da zarar ya faɗa ruwa. Idan jirgi ya cika, a jira na gaba. A baro Tarkwa Bay da la'asar sakaliya, kada magariba ta riske ku a kan ruwa.

Aljihu ba nauyi. Akwai abin da za a yi da kuɗi kaɗan?

Jirgin ƙasa. Layin Blue Line mai aiki da lantarki ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumbar 2023, kilomita 13 daga Mile 2 zuwa Marina, kuma kafin ya isa Marina yana bi ta kan gada a saman ruwa, ga gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, ga jiragen ruwa a ƙasa. Masu sauka a Agege kuma Red Line ya ratsa ta ƙofarsu, daga Agbado zuwa Oyingbo. Da katin biyan kuɗin sufuri na Cowry ake shiga. A guji safiya da yamma lokacin ma'aikata.

Ko tsallaka gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, yawo ne idan aka sa yaro kusa da taga ya ga masunta suna jefa birgi. A Alausa cikin Ikeja akwai lambunan shaƙatawa na gwamnati, JJT da Ndubuisi Kanu, masu lilo da ciyawa. Gidan zane-zane na Nike Art Gallery da ke Lekki, bene hawa biyar cike da zane da sassaƙa, kyauta ake shiga. Yaron da ya taɓa ganin marinar Ƙofar Mata zai gane shuɗin adiren Yarabawa nan take, shuni ne dai ɗaya.

Muna so su ƙaru da wani abu, ba wasa kaɗai ba.

A kai su gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957. Kafin a shiga a ba yaro takardar naira ashirin ya dubi hoton da ke jiki. A can ake ajiye da baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Ɗan Kano da ya saba jin sunan a asibiti da masallaci da titi, ranar zai san mutum ne da ya fito aiki da safe. Akwai kuma kawunan yumɓu na Nok daga kudancin jihar Kaduna, da tagullar Benin. Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960, yana nan kusa. Freedom Park a titin Broad tsohon kurkukun Turawa ne da aka mayar lambu a 2010. Da rana za a je, da dare wurin kiɗa ne na manya.

Badagry fa? Ya dace da yara?

Badagry tsohuwar tashar cinikin bayi ce a yammacin Legas. Ga 'yan shekara goma zuwa sama, ta dace ƙwarai. Ƙanana kuwa nisan hanya da zafin rana za su wahalar da su, abin da za a gani kuma yana da nauyi: sarƙoƙin da aka ɗaure bayi, ɗakunan da aka tsare su a gidan Seriki Abass, sannan a tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu a taka da ƙafa har bakin tekun da ake loda su. A gaya wa yaran cewa wannan tarihin namu ne mu ma. Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe an fitar da su ta wannan gaɓa zuwa Bahia a Brazil, har suka yi ta tayar da bore a can a farkon ƙarni na 19.

Za a nuna muku wani gida na 'yan mishan na 1845 a ce shi ne bene na farko a Najeriya. A bari mai jagora ya gama, daga baya a tuna wa yara cewa hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin nan. Gidan Badagry na farko ne a irin ginin Turawa.

Salla da abinci da abin da idon yaro zai gani?

A tafi da darduma da buta. Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa da halaccin abin da ke cikinsa. A tsibirin Legas akwai babban masallaci a titin Nnamdi Azikiwe.

Bakin teku da yammacin Asabar da Lahadi na samari ne, da kiɗa mai ƙarfi da giya da shigar da ba kowane uba zai so 'yarsa ta gani ba. Wurin nan dai da safiyar Talata kusan ku kaɗai ne. Nama a tambaya kafin a saya. Kifi gasasshe da ruwan kwakwa ba su da matsala, amma yaron da bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba a fara ba shi kaɗan, wasu jikinsu yana ƙin su, ya yi ƙaiƙayi ko kumburi.

Wane lokaci ya fi, kuma yaya za a yi da goslo?

Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ya ɗauke, teku ma ya fi lafawa. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, tituna su cika, gadar Lekki mai lilo ma akan dakatar da hawanta idan ana ruwa. A Agusta ruwan yakan ɗan tsagaita, sai dai teku yana da ƙarfi a lokacin. Rabin Disamba na ƙarshe garin ya cika da baƙi, komai ya yi tsada.

Wuri ɗaya a rana ɗaya. Wanda ya ce zai haɗa Badagry da Lekki, ɗaya a yamma ɗaya a gabas, a mota yaransa za su yi hutun. Daga Agege a fita bayan sallar asuba, a isa kafin rana ta ɗaga, a juyo kafin ƙarfe uku. Zafin Legas mai gumi ne, ba irin namu busasshe ba, yaro yana zubar da ruwan jiki bai sani ba, don haka a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba. A sa wa kowa kayan canji a jaka, a kuma rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun duk yaron da bai haddace ta ba.