Tasirin Sabbin Fasahohin Dijital a Kan Al'umma

Sabbin fasahohin dijital su ne na'urori da manhajoji da tsare-tsaren sarrafa bayanai waɗanda suka riga suka shiga hannun jama'a, amma doka da al'ada ba su gama sanin yadda za su zauna da su ba. A wannan zamani sunan ya haɗa da ƙirƙirarriyar basira, kuɗin kirifto, tantance mutum ta fuska ko zanen yatsa, kafafen sada zumunta, hada-hadar kuɗi ta waya, da kayan aiki da ake jona su da intanet. Sabuntar ba ta daɗewa. Imel da ya zama abin al'ajabi a shekarun 1990, yau ba mai saka shi a wannan layi. Karɓar fasaha bisa sanin ya kamata kuwa na nufin shigar da ita cikin rayuwar jama'a ta yadda za a san wanda zai amfana, da wanda zai cutu, da kuma wanda za a kama da alhaki idan abu ya ɓaci.

Asali da yaɗuwa

Tushen intanet yana komawa ga ARPANET, hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci wadda aka fara haɗawa a Amurka a 1969. A 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, kuma a 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa. Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a jere: Facebook a 2004, YouTube a 2005, iPhone a 2007, Bitcoin a 2009, sai ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, wanda ya sa gama-garin mutane suka fara hira da ƙirƙirarriyar basira kai tsaye. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ke amfani da intanet, wato kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya.

Amfani da giɓi

Amfanin ba ya buƙatar dogon bayani, domin kowa yana ganinsa. M-Pesa, wanda kamfanin Safaricom ya fara a Kenya a 2007, ya ba miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga banki ba damar ajiya da tura kuɗi da ƙaramar waya. A fagen kimiyya, manhajar AlphaFold ta warware tsohuwar matsalar hasashen siffar furotin, har Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabo a kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. Alƙaluman ITU na 2024 sun nuna mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet sam; a ƙasashe masu arziki kashi 93 cikin ɗari suna amfani da shi, a matalautan ƙasashe kashi 27 kawai. Annobar korona ta tona asirin giɓin: UNICEF ta ce a 2020 aƙalla yara 'yan makaranta miliyan 463 ba su samu damar karatu daga gida ba lokacin da aka rufe makarantu. Kuma raba na'ura kaɗai ba ya cike giɓin. Shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, ya raba ɗaruruwan dubban kwamfutoci a Peru, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da karatu ba. An kai kaya, ba a shirya malamai ba.

Bayanan sirri da labaran ƙarya

Yawancin manhajojin da ake kira na kyauta talla ce ke ciyar da su, tallar kuma tana dogara ne kan sanin mai amfani: inda yake, abin da yake nema, da abin da ke tsayar da yatsansa a kan allo. A 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87, akasarinsu ba da saninsu ba, don aikin siyasa. Shekara guda bayan haka hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Tsarin da ke zaɓar abin da mutum zai gani yana fifita abin da ke jan hankali, kuma abin da ke tunzura zuciya ya fi komai jan hankali. A Myanmar, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2018 cewa Facebook ya taka rawa wajen yaɗa ƙiyayya ga 'yan Rohingya, kamfanin ma ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A Indiya jita-jitar satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp a 2017 da 2018 ta jawo kashe mutanen da ba su ji ba su gani ba. Martanin kamfanin ƙarami ne a ido: ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma saka alamar da ke nuna cewa saƙon turo shi aka yi. Wannan ya nuna cewa saurin yaɗuwar magana zaɓi ne da masu ƙera manhaja suke yi, suna kuma iya sauya shi. Yanzu an ƙara da bidiyo da murya na jabu. A 2024 an yaudari wani ma'aikacin kamfani a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskokin shugabanninsa na bogi.

Idan na'ura ce ke yanke hukunci

Nan ne cutarwar ta fi tsanani, nan ne kuma aka fi samun darasi, ko da yake ba a cika maganarsa kamar kafafen sada zumunta ba.

A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa ko sisi ba. Mai kula da reshe zai rufe lissafin ranar ya ga allo yana cewa akwai kuɗin da suka ɓace. Ya sake ƙirgawa, wani lokaci giɓin ya ninka a gabansa. Idan ya kira neman taimako, sai a ce masa shi kaɗai ke da wannan matsala. Kwantiraginsa ya ɗora masa biyan duk abin da ya ɓace, don haka wasu suka cike da kuɗin aljihunsu har suka tsiyace. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900, wasu suka tafi gidan yari, wasu suka kashe kansu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kotunan Ingila suna ɗaukar cewa kwamfuta tana aiki daidai sai an kawo hujjar akasin haka, hujjar kuma tana hannun waɗanda suka shigar da ƙarar. Sai a 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da kurakuran manhajar, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen a dunƙule.

Holan ta ga irin nata. Hukumar haraji ta yi amfani da tsarin auna haɗari wajen farautar masu zamba a tallafin renon yara, kuma mallakar takardar zama ɗan ƙasa biyu tana cikin abubuwan da ke sa a zargi mutum. An tilasta wa dubban iyalai mayar da kuɗin da suka karɓa bisa haƙƙi, gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. A Ostireliya, tsarin gwamnati na ƙwato kuɗin tallafi da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai-wa-daida a kan makonni, ya ƙirƙiro bashin da babu shi ga masu aikin wucin gadi, sannan ya bar wa talaka nauyin kawo hujjar cewa ba a bin sa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci wata basira mai zurfi. Lissafi ne na yau da kullum. Abin da ya haɗa su uku ne: an yarda da na'ura fiye da mutum, an juya nauyin hujja kan mai rauni, kuma babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a saurare shi. Ƙirƙirarriyar basira tana ƙara wani abu a kai, domin tana koyo ne daga bayanan baya, da duk son zuciyar da ke cikinsu. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gano cewa manhajojin kasuwa masu gane jinsin mutum ta fuskarsa suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata baƙaƙen fata, alhali a kan maza fararen fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba. A shekarar kuma aka ruwaito cewa Amazon ya watsar da manhajar tace masu neman aiki saboda tana rage wa mata maki. Ta koya ne daga takardun waɗanda suka nemi aiki a baya, mafi yawansu maza.

Aiki da muhalli

Hasashen yawan ayyukan da na'ura za ta cinye ya sha bamban daga bincike zuwa bincike. Abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin yanayin aikin kansa. Direban da manhaja ke ba shi fasinja, ta yanka masa kuɗi, ta kuma iya rufe shi, shin ma'aikaci ne ko mai zaman kansa? Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu. A bayan ƙirƙirarriyar basira ma akwai mutane masu tace bayanai da hannu. Mujallar Time ta ruwaito a 2023 cewa wasu a Kenya suna karanta munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT a kan ƙasa da dala 2 a awa.

Fasahar tana da jiki, ko da ba a ganinsa. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya a 2024. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sake sarrafawa yadda ya dace.

Matsalar lokaci

A 1980 masani David Collingridge ya bayyana tsaka mai wuyar da ke tattare da kowace sabuwar fasaha. Tana ƙarama, sauya ta abu ne mai sauƙi, amma ba a san illarta ba tukuna; idan illar ta bayyana, ta riga ta kafu, jari da ayyuka da ɗabi'un mutane sun ɗaure da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai a nan ba a san ta wace fuska zai karkace ba. Yawancin hanyoyin karɓar fasaha bisa sanin ya kamata ƙoƙari ne na rage wannan matsala: gwaji a ƙaramin wuri kafin faɗaɗawa, auna tasiri kafin fara aiki, binciken masu zaman kansu, tattara bayanan da ake buƙata kawai, barin tsohuwar hanya a buɗe ga wanda ba ya iya sabuwar, da ba mutum damar ɗaukaka ƙara gaban ɗan Adam mai ikon soke abin da na'ura ta yanke. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta fara a 2016 wani fili na gwaji inda kamfanoni ke jarraba sabon abu a kan mutane ƙalilan a ƙarƙashin sa ido, ƙasashe da dama kuma sun kwaikwaya.

Na ƙarshen, wato sa mutum a tsakani, ya fi sauƙin faɗa a kan aikatawa. Ma'aikacin da aka ba ɗaruruwan fayil a rana, aka kuma san za a tuhume shi idan ya saɓa wa na'ura, hannu kawai yake sakawa.

Dokoki da yarjejeniyoyi

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, da tarar da za ta iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Ta zama abin koyi ga ƙasashe da yawa. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar da ƙa'idojin ƙirƙirarriyar basira a 2019, ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarwarin ɗa'a a Nuwamban 2021, amma waɗannan biyun ba sa ɗaure kowa. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai an amince da ita a 2014, ba ta fara aiki ba sai 2023, saboda jinkirin ƙasashe wajen tabbatar da ita a hukumance. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta kasa fasahar gwargwadon haɗari: ta haramta wasu abubuwa kamar ba 'yan ƙasa maki bisa halayensu, ta kuma ɗora sharuɗɗa masu tsauri a kan tsarin da ke shafar ɗaukar aiki, ba da bashi da ilimi.

Ba a daina jayayya a kan waɗannan dokoki ba. Masu suka suna cewa tsadar bin ƙa'ida tana kashe ƙananan kamfanoni ta bar fili ga manya masu tarin lauyoyi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Wasu suna nuna cewa gwamnatoci kan fake da yaƙi da labaran ƙarya su toshe bakin 'yan adawa ko su katse intanet. Batun yara ma ya raba kan masana: a Nuwamban 2024 majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta, amma aiwatar da ita yana buƙatar tantance shekarun masu amfani, wanda ke nufin karɓar ƙarin bayanan sirri daga manya da yara baki ɗaya.