Shabu da kwanciya: magana da maza masu neman maza

'Yan'uwa mazauna Jidda, Makka da Madina, wannan magana ba a kawo ta a majalisa, amma mu ma'aikatan lafiya muna ganin ƙarshenta a ɗakin gaggawa. Akwai maza masu neman maza da ke haɗuwa ta waya, su kulle ɗaki kwana biyu ko uku, ana shan ƙwaya don a daɗe ana saduwa. Hukunci yana hannun malamai da hukuma. Ni nawa fannin jiki ne.

Shabu, wato ƙwayar methamphetamine, shi ne kan gaba. Yana kore barci da yunwa, ya ɗaga sha'awa, ya dusashe jin zafi, kuma nan ɓarnar take. Fatar cikin dubura siririya ce, tana tsagewa mutum bai sani ba, an kuma manta da kwaroron roba tun daren farko. Ta wannan tsagar ƙanjamau ke shiga, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. In ta allura ake sha ana karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, to jini ne ke haɗuwa da jini. Bayan kwana uku babu barci sai ka ga mutum yana leƙen taga, wai ana bin sa, yana jin muryoyi. Mutanenmu su ce iska ce, a kai shi ruƙiyya, alhali shabu ne.

Shi kuma shabun yakan kashe gaba, sai a ƙara da Viagra. In aka haɗa Viagra da poppers, wani ruwa a ƙaramar kwalba da ake shaƙa, jini na iya faɗuwa nan take, zuciya ta tsaya. Gaban da ya miƙe ya wuce awa 4 bai kwanta ba maganar asibiti ce, a daren. Ƙwayar Kabtagon mai hana barci kuwa, wanda ke yawo yanzu haɗe-haɗe ne, mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan GHB, wani ruwan maye mai kashe jiki. Tsakanin maye da suma tazarar ƙanƙanuwa ce, in ya haɗu da giya ko ƙwayar Lyrica numfashi ne ke tsayawa. Mutum zai faɗi yana minshari, abokai su ce barci yake, ko tsoro ya kama su su ja ƙofa su gudu. Ɗan'uwa, kada ka bar shi. Kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada ka ɗura masa madara ko gahawa, ka kira is'af, wato motar asibiti, a 997. Abin da likita yake bukata shi ne me aka sha, kuma yaushe. Wanda ya suma kuma bai amince da komai ba, taɓa shi fyaɗe ne.

In an sadu babu kariya, akwai maganin kare kamuwa da ƙanjamau, PEP, da ake farawa kafin awa 72 a sha na kwana 28. Na san tsoron gwaji: baƙon da aka samu da ƙanjamau yakan rasa iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Gaskiya ne. Sai dai cutar ba ta jiran iƙama, kuma a gida Nijeriya kyauta ake ba da maganinta, mai sha kullum yana rayuwarsa. Ciwon hanta C ma ana warkewa da ƙwayoyi cikin sati 8 zuwa 12.

Mai son rabuwa da shabu ya nemi cibiyoyin Irada, waɗanda da ake kira Asibitin Amal, ko ya kira 937 don shawarar likita. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya ta tanadi cewa ba a gurfanar da mai shaye-shayen da ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa.