Ma'anar "sinadari", da ruwan da aka ce babu shi a ciki

Kwanakin nan duk tallar da ka saurara a rediyo sai ka ji an ce kaza "babu sinadari a cikinsa". Har mai tallar ruwan sha na ji yana faɗa, yana nanatawa. Abin yana ci mini rai, domin an mayar da kalmar tamkar wani sunan guba, alhali ruwan da yake talla shi kansa sinadari ne.

A asali, sinadari shi ne abin da maƙeri ke liƙe ƙarfe da ƙarfe da shi. Daga baya masana kimiyya suka ari kalmar, ta zama sunan duk abin da ke da tabbataccen haɗi, mai cutarwa ne ko mai amfani. Haɗin ruwa kuwa ƙwayar zarra ɗaya ce ta oksijin da biyu na haidurojin, wato H2O.

Ukun nan ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke, kusurwarsu wajen digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin janyo ilektron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke cikin zarra, sai gefensa ya ɗan ɗauki caji iri ɗaya, gefen haidurojin ya ɗauki kishiyarsa. Caji da kishiyarsa kuwa janyo juna suke yi, shi ya sa kowace ƙwayar ruwa take iya riƙo maƙwabtanta har huɗu. Riƙon ba mai ƙarfi ba ne, yana kwancewa yana sake ɗauruwa, amma dubi aikinsa. Cire oksijin ka sa farar wuta a gurbinsa, ka samu H2S, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke tafasa tun a wajen digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Ruwa kuwa, duk da ƙwayarsa ta fi waccan rashin nauyi, ba ya tafasa sai ya kai digiri 100.

Wanda ya fi burge ni shi ne ƙanƙara. Cika kwalba maƙil, ka toshe, ka sa a firiza. Da safe za ka iya tarar da ita a tsage. Yawancin abubuwa tsukewa suke yi idan sun daskare. Shi ruwa, riƙon nan ne ke tsayawa cak, ya jera ƙwayoyin da sarari a tsakaninsu, sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Saboda haka ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, take yawo a samansa. A tafkin da ya daskare, ita ce murfi, ruwa mafi nauyi mai digiri 4 ya kwanta a ƙasa, kifi na iyo a cikinsa har sanyi ya wuce.