Gonar da ta gaji: amsoshin tambayoyin da kuke ta yi mini

Tun da aka fara sharar gona a yankinmu na Giwa, jihar Kaduna, wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin bara ne suka dawo. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Wai mene ne noman farfaɗo da ƙasa?

Noman da zai bar ƙasa da ƙarfi fiye da yadda ka same ta. Shi ke nan.

In ƙona karan gonata?

A'a! Bakina har ya gaji. Toka kaɗai za ta rage maka, iska ta kwashe rabi, ruwan farko ya tarar da ƙasa tsirara ya wanke sauran zuwa rafi. Je ka ɗaga tulin karan da ya kwana a gona tun kaka. Ƙasar ƙarƙashinsa baƙa ce, da sanyi, gara ta huda ta ko'ina. Taku biyu daga nan, inda aka cinna wuta, fartanya tsalle take yi.

Ba dabarar Turawa ba ce?

Allan Savory, mutumin Zimbabuwe, shi ya yi suna da tsarin kiwon da ake matsar da garke wuri zuwa wuri domin ciyawa ta huta. Amma dubi Maraɗi. Tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara aiki da manoma a can, suna barin kututture ya tofo suna yi masa aski maimakon tumɓuke shi, har gonaki suka sake cika da itatuwa. Kakanka ma bai sare gawo ba, don ya san da damina yake zubar da ganye, gero ya yi kyau a gindinsa.

In daina sa takin zamani?

Wa ya ce maka? Ka daina lokaci guda, masara ta kunyata ka. Haɗa shi da takin gargajiya, ka riƙa juya masara da waken soya ko gyaɗa. In wuta-wuta ta addabe ka, nemi irin masara mai jure mata irin SAMMAZ 15 na cibiyar binciken noma ta Samaru.

In na bar kara a gona shanu za su cinye. In kwashe, in sayar, ko in bari?

To, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da inda gonar take da kuma abin da ke cikin aljihunka. In kana da shanun huɗa ko tumaki a gida, ba zan ce ka bar su da yunwa a watan Afrilu saboda ƙasa ba. Kwashe harawa da rabin karan, ka bar rabi a kwance, amma da sharaɗin takin turke ya koma gonar kafin shuka. Nan ne yawancinku kuke faɗuwa: kara ya tafi gida, taki ya tafi kasuwa, gona ta tashi a tutar babu.

In kuwa gonar tana kan hanyar makiyaya, shigar shanu bayan girbi ba lallai asara ba ce. A da manomi shi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani, har ya ba shi damin dawa, saboda kashin shanu da fitsarinsu. Abin da ke ɓata ƙasa shi ne garke ya daɗe a wuri ɗaya har ya siɗe komai. Kwana kaɗan a wannan ɓangare, a matsa gaba, ya fi. Sai dai wannan yana bukatar magana tun kafin girbi, a gaban mai unguwa da arɗo: yaushe za a shiga, ina za a tsaya, wa zai biya in an taɓa rogon maƙwabci. Na san akwai garuruwa a jihar nan da rashin tsaro ya sa wannan zama ba zai yiwu ba yanzu. In naka yana cikinsu, kada ka tilasta, ranka ya fi kara. Yi abin da za ka iya a gonar kusa da gida.

Shekara nawa kafin in ga canji?

Ba damina ɗaya ba. Kwantar da hankalinka, ware kwata guda na gonar ka fara da shi bana.