'Yancin Faɗin Albarkacin Baki da Ikon Gwamnati kan Rediyo da Talabijin a Najeriya

'Yancin faɗin albarkacin baki yana cikin haƙƙoƙin da Babi na 4 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa kowa. Sashe na 39 ya ba mutum damar riƙe ra'ayinsa, da karɓar labari, da isar da shi ga wasu ba tare da katsalandan ba, Sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido kan masu mulki domin su riƙa yi wa jama'a bayanin amanar da suka ɗauka. Sashe na 45 ya halatta taƙaita 'yancin saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a da kare haƙƙin wasu.

Sai dai kundin bai ɗauki jarida da rediyo ɗaya ba. Kowa na iya kafa jarida, amma gidan rediyo ko talabijin ba mai mallakarsa sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda Shugaban Ƙasa ya ba izini. Hujjar ita ce zangon watsa shirye-shirye dukiyar al'umma ce mai iyaka, kuma idan ba a raba shi bisa tsari ba, tashoshi za su riƙa hawa kan juna. Wannan bambanci ya fi nauyi a jiha irin Sakkwato, inda manomi a Gwadabawa da ɗan kasuwa a Illela suka fi dogara da ƙaramar rediyon da ke rataye a kafaɗa fiye da jarida, kuma inda Rima Radiyo mallakar jiha ta daɗe a matsayin muryar da ake ji a ƙauyuka.

Har zuwa 1992 gwamnati ce kaɗai ke da tashoshi. A shekarar ne mulkin Janar Ibrahim Babangida ya kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, da Dokar Soja ta 38, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, RayPower ta fara aiki a Legas a 1994. Hukumar ce ke tantance masu neman lasisi kafin Shugaban Ƙasa ya amince, ita ke rubuta ƙa'idojin aiki, ita ke sauraren abin da ake watsawa. Doka ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukunci. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a Oktoban shekarar kuma aka ci Channels da AIT da Arise tarar miliyan 3 kowannensu kan rahotannin zanga-zangar EndSARS ta adawa da rundunar 'yan sanda ta SARS. Wanda ya fi shafar Arewa maso Yamma shi ne na Agustan 2022, lokacin da aka ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, bisa zargin cewa ta kambama ɓarayin daji. Ba shakka akwai haɗari a miƙa wa mai kisa makirufo. Amma mutanen Isa da Sabon Birni a jihar Sakkwato, waɗanda 'yan bindiga ke ɗora wa haraji kafin su shiga gonakinsu, sun fi kowa buƙatar a ji halin da suke ciki, kuma editan da ke tsoron tarar miliyoyi zai gwammace ya cika lokacin da gaishe-gaishe da tallace-tallace.

Gwamnoni ma sukan wuce gona da iri. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta rufe wasu tashoshi a Gusau, ciki har da NTA, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, sai NBC da kanta ta fito ta ce jiha ba ta da wannan hurumi.

A Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ya soke tarar naira 500,000 da aka ci tashoshi 45 a 2019, ya kuma hana hukumar ci gaba da cin tara, domin ba kotu ba ce, kuma bai halatta ta zama mai ƙara kuma alƙali a shari'a ɗaya ba. Hukuncin bai taɓa tushen matsalar ba, domin har yanzu Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugabannin hukumar, kuma sa hannunsa ne ke tabbatar da lasisin tashar da za ta soki gwamnatinsa.