Juan Montalvo: marubucin da ƙasarsa ta kora, yanzu take bikin ranar haihuwarsa

Wane ne Juan Montalvo?

Marubucin maƙaloli ne da harshen Sifaniyanci, ɗan ƙasar Ikwado da ke Kudancin Amurka. An haife shi a garin Ambato ranar 13 ga Afrilu, 1832, ya rasu a Faris ranar 17 ga Janairu, 1889. Bai riƙe sarauta ba, bai ja runduna ba. Abin da ya mallaka alƙalami ne mai kaifi da ƙin jinin danniya, kuma su ne suka hana shi zama a gida.

Me ya kai shi gudun hijira?

Faɗa da masu mulki. A 1866 ya fara buga mujallarsa, El Cosmopolita, yana caccakar Gabriel García Moreno, mutumin da ya riƙe Ikwado da hannun ƙarfe, ya kuma ɗaure gwamnati da cocin Katolika da igiya ɗaya. Da García Moreno ya sake karɓe mulki a 1869, Montalvo ya tsallaka iyaka zuwa Ipiales, wani ƙaramin gari mai sanyi a ƙasar Kolombiya. Can ya zauna cikin talauci, yana rubutu. A 1874 aka buga masa La dictadura perpetua a Panama, takardar da ta zuga matasa. Ranar 6 ga Agusta, 1875, aka kashe García Moreno a Kito, babban birnin Ikwado.

Ya dawo gida a 1876, amma zaman bai daɗe ba. Janar Ignacio de Veintemilla ya hau mulki, Montalvo ya sake ficewa a 1879, ya rubuta Las Catilinarias, maƙaloli 12 da suka yi wa janar ɗin tsirara. Daga 1881 ya koma Faris, kuma bai ƙara taka ƙasar Ikwado da rai ba.

Da gaske ya yi alfahari da kisan shugaban ƙasa?

Ana danganta masa cewa da labarin ya iske shi a Ipiales ya ce alƙalaminsa ne ya kashe shi. Ni dai wannan magana tana ɗaga mini hankali, don rai ba abin alfahari ba ne, ko na azzalumi. Amma kuma ina ganin abin da yake nufi: mutumin da aka raba da gida, aka bar shi da yunwa, ya gano cewa takardarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta isa ba. Har yau mutanen Ikwado ba su daidaita kan García Moreno ba, wasu na ganinsa bawan Allah, wasu na ganinsa ɗan kama-karya.

Rubutunsa duk zagi ne?

A'a. Babban aikinsa shi ne Siete tratados, maƙaloli bakwai kan daraja, kyau, hazaƙa da makamantansu, da aka buga a Faransa. Babban limamin cocin Kito, José Ignacio Ordóñez, ya haramta karanta littafin, Montalvo kuwa ya mayar masa da martani da wani littafin a 1884. Bayan rasuwarsa, a 1895, aka fitar da wanda ya rubuta yana kwaikwayon salon Cervantes, marubucin Sifaniya mai littafin Don Quixote.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Ruwa ya taru masa a ƙirji, likitoci suka ce sai an yi aiki. Ya ƙi a sa shi barci, ya ce yana so ya san abin da ake yi masa, aka tsaga shi idonsa biyu. Aikin bai cece shi ba. Ranar da ya ji ajali ya matso, a gidan haya mai lamba 26 a titin Cardinet, ya sa baƙar kwat ɗinsa ta fita taro, ya zauna yana jira. Ya miƙa 'yan kuɗin da suka rage masa, ya roƙa a sayo masa furanni, don ganin gawa babu fure yana sa shi baƙin ciki. Tsakiyar hunturu ne, furen ya yi tsada, kaɗan aka samo. Shekarunsa 56.

Ta yaya ake tunawa da shi?

A 1925 aka kafa allon tunawa a bangon wancan gidan na Faris, kuma wanda ya yi jawabi shi ne Miguel de Unamuno, marubucin Sifaniya, wanda shi ma a lokacin korarre ne daga ƙasarsa. Ɗan gudun hijira ya tsaya a bakin titi yana yabon ɗan gudun hijira. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk labarin.

Gawarsa ta isa Guayaquil, birnin tashar jiragen ruwa a Ikwado, tun 1889, amma sai a 1932, da ya cika shekara 100 da haihuwa, aka kai ta Ambato, aka ajiye a hubbaren da aka gina masa kusa da gidan da aka haife shi, wanda yanzu gidan tarihi ne. Tun 1920 ranar 13 ga Afrilu ta zama ranar malamai a Ikwado. Fuskarsa kuma tana kan kwabon santabo biyar da aka buga a 2000, wanda yara ke karɓa canji a kasuwar Ambato.